Nagios, Zabbix ko LibreNMS: ka duba matsalar da kowacce ta zo da ita tun fitowar farko

Duk wanda yake riƙe da netwok, na makaranta ne ko na otal ko ƙaramin kamfanin raba intanet na unguwa, akwai ranar da zai gaji da jin labarin lalacewar layi daga bakin kwastoma. Kai ne mai kula da kayan amma sai an kira ka an ce Malam tun ƙarfe biyu fa babu sabis sannan ka sani. To daga nan ake fara neman manhajar sa ido, wadda za ta dinga zagaya rauta da suwic da saba tana duba ko suna raye, in wani ya yi shiru ta turo maka alat a waya. Na kyauta suna da yawa, kuma abin da na lura mutanenmu da hoto suke zaɓa, wadda allonta ya fi kyau ita ake saukewa. Ni a ganina gara a koma a duba yadda kowacce ta fito karon farko da irin matsalolin da masu ita da kansu suka san tana da su, saboda matsalar manhaja iri biyu ce. Akwai ta ƙuruciya, ɗan kuskure a cikin kod, wannan fitowa ta gaba an gyara an wuce wajen. Akwai kuma wadda take cikin ginin tun daga tushe, wannan ko bayan shekara ashirin tana nan daram sai dai ka koyi zama da ita, kuma ita ce za ta dinga tashinka cikin dare.

Bari mu fara da dattijuwar. Nagios ta fito a 1999 da sunan NetSaint, wani Ba'amurke Ethan Galstad ne ya rubuta ta da yaren C, lambar sigarta ma a 0.0 kaza ta yi ta zama har zuwa 2002 lokacin da rigimar suna ta sa aka mayar da ita Nagios. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce kuma wallahi mai kyau ce. Manhajar ita kanta ba ta san yadda ake duba komai ba, aikinta kawai ta kira wani ƙaramin shiri, fulogin, shi ya je ya duba ya dawo mata da lamba. 0 lafiya lau, 1 a yi hattara, 2 abu ya ɓaci, 3 ban gane ba. Shi ke nan. Saboda haka duk abin da za ka iya rubuta wa ɗan gajeren kod ya duba, Nagios za ta iya sa masa ido, ko cajin batirin inbata ne in dai akwai hanyar karanta shi. Wannan tsarin ya yi ƙarfin da har yau wasu manhajojin da yawa suna karɓar fulogin ɗin Nagios yadda yake.

Amma abin da ta zo da shi tun ranar farko shi ne komai a fayil ɗin rubutu ake saita shi. Kowace na'ura sai ka buɗe fayil ka rubuta define host, ka buɗe baka, wato alamar {, ka sa suna da adireshi, ka rufe baka, sannan ka sake rubuta define service na kowane abu da kake so a duba a kanta. Ka manta baka ɗaya ko ka rubuta sunan rukuni ba daidai ba manhajar ta ƙi tashi gaba ɗaya, shi ya sa duk wanda ya daɗe da ita hannunsa ya saba da buga nagios -v ya tantance saitin kafin ya sake kunna ta. In na'urorinka goma ne ba komai, in sun kai ɗari biyu kuma ana ƙara sababbi duk mako to ka samu aikin yi. Na biyu kuma ba ta zana giraf. Ita tambayarta ɗaya ce, yana aiki ko ba ya yi. In kana son ganin yadda layi ya cika jiya da daddare sai ka ɗaura mata wani abu daban a gefe. Waɗannan biyun suna nan a Nagios Core, wato ta kyautar, har yanzu, mai son saiti ta burauza sai dai ya ɗaura mata wani abu a gefe ko ya sayi Nagios XI ta kuɗi. Jinkirin gyara irin waɗannan abubuwan yana cikin dalilan da suka sa wasu masu ba da gudummawa suka ɓalle a 2009 suka kafa Icinga. Ni dai in ka gaji Nagios a wajen aiki kuma tana tafiya daidai kar ka taɓa ta, ba ta cin ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma ba ta buƙatar databes kafin ta yi aiki, ko wuta ta ɗauke ta dawo za ta tashi abinta. Amma ka ɗora ta sabuwa yau a kan netwok da mafi yawansa rauta da suwic ne, gaskiya ban ga dalili ba.

Zabbix kuma ta wata hanya ta biyo. Alexei Vladishev ya fara ta a 1998 a matsayin kayan aikin cikin gida, ya sake ta ga jama'a a 2001 tana matakin alfa, kuma sai 2004 aka samu sigar 1.0 da aka ce ta zauna, wato shekara uku mutane suna amfani da abin da mai shi bai yarda ya kira kammalalle ba. Kamfanin yana Riga a ƙasar Latbiya. Shawarar da ya yanke tun farko ita ce komai a zuba shi cikin databes, saiti da tarihi da duk wata lamba da aka karanto, sannan a yi saitin ta shafin burauza. Wannan ya magance ciwon Nagios guda biyu lokaci ɗaya, ga giraf ga alat a waje guda kuma ba ruwanka da fayil ɗin rubutu. To amma nauyin sai ya koma kan databes ɗin, kuma duk wanda ya riƙe Zabbix ya san nan ne take ciwo.

Yi lissafin da kanka. Suwic mai fot 24, a ce kana karanta abu 5 a kowane fot, shigowa da fita da kurakurai da sauransu, abu 120 ke nan. Suwic goma 1,200. In ka saita a karanta kowane minti, a rana ɗaya an rubuta layi 1,728,000 a databes, gobe ma haka jibi ma haka. Akwai wani ɓangare na manhajar da aikinsa share tsohon tarihi, to idan teburin ya yi girma shi kansa mai sharar sai ya zama shi ne yake danne sabar, shafi ya dinga nauyi giraf ya dinga yankewa. Na taɓa zuwa duba wata da aka ɗora wa wani otal, aka ce wai manhajar ta daina aiki ba gaira ba dalili, ina buɗewa na tarar faifan ya cika dam har databes ɗin, wato MySQL, ya kasa tashi, kuma abin takaicin ita manhajar da ya kamata ta yi ihu cewa faifai ya kusa cika ba a taɓa sa ta ta duba kanta ba. Maganin ba wani ɓoyayye ba ne, ka rage kwanakin ajiye cikakken tarihi zuwa mako ɗaya ko biyu, ka bar taƙaitaccen na awa-awa ya daɗe tunda shi ba ya cin waje, ka tsawaita tazarar karatu a abubuwan da ba sa canzawa da sauri, sunan na'ura ai ba sai an tambaye shi duk minti ba. Tun sigar 4.2 ta 2019 kuma ana iya haɗa ta da TimescaleDB, wani ƙari da ake ɗora wa databes ɗin PostgreSQL, wanda yake sauƙaƙa sharar sosai.

Duk da haka akwai abu ɗaya a Zabbix da ya sa nake girmama ta musamman a irin yanayinmu, shi ne furoksi, wanda ya shigo a sigar 1.6 ta 2008. A ce kana da reshe a wani gari kuma layin da ya haɗa ku yana yawan yankewa, sai ka ajiye ƙaramar kwamfuta a can ta dinga tattara bayanan reshen tana ajiyewa a cikinta, layi na dawowa ta turo duka, sai ka ga giraf ɗinka babu rami. Ka dai tuna ka ƙara tsawon lokacin da za ta riƙe bayanan in layin ya kan daɗe bai dawo ba. Ga wanda yake da rassa uku huɗu wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta. Sannan tana da ejan, wato wani ƙaramin shiri da ake ɗorawa a kan Windows da Linux ya karanto cikin sabar sosai. Abin da za ka biya shi ne lokacin koyo, domin kalmominta da yadda ake rubuta sharaɗin alat sai ka zauna ka karanta, ba a dannawa a wuce. Kuma don Allah ranar da ka ɗora ta ka canza kalmar sirri, kowa a duniya ya san Admin da zabbix ne take zuwa da su.

Kafin in zo kan LibreNMS sai na ɗan koma baya, saboda matsalolinta gado ne. A 1995 Tobias Oetiker ya fitar da wata manhaja mai suna MRTG, lokacin yana aiki a wata jami'a a Ingila yana so mutane su ga yadda ɗan siririn layin intanet ɗinsu yake cika. Ita ce ta kawo al'adar tambayar rauta ta hanyar SNMP, wato yaren da manhajar sa ido take tambayar na'ura bayananta da shi, duk minti 5 a zana giraf. A 1999 ya fitar da RRDtool, fayil mai girma ɗaya da ba ya ƙaruwa, sabon bayani yana shiga tsoho yana taƙaituwa. A kan wannan aka gina Cacti ta Ian Berry a 2001, a kan RRDtool ɗin dai aka gina wata manhajar sa ido mai suna Observium, kuma daga Observium ne LibreNMS ta ɓalle a 2013 bayan saɓani kan lasisi. Ke nan fitowarta ta farko ba daga sifili ta fara ba, da kod ɗin da ya riga ya yi shekaru yana aiki ta fara.

Daɗinta ba a magana. Ka kunna SNMP a rautarka, ka ba ta adireshi, ita da kanta za ta gane wace irin na'ura ce, MikroTik ce ko Cisco ko Ubiquiti, ta jero duk fot da zafin na'ura da nauyin da ke kan ƙwaƙwalwarta, har ta bi ta LLDP da CDP, hanyoyin da na'urori suke sanar da kansu ga na kusa da su, ta gano maƙwabtanta ta ƙara su. Abin da zai ci maka yini a Nagios a nan kafin ka gama shan shayi ya bayyana. Tana da ɓangaren lissafin yawan data da kwastoma ya sha, mai raba intanet zai so wannan, kuma faifai ba ya cika maka ba zato tunda fayilolin RRD ba sa girma.

To ga gadon. Na farko, minti 5 ɗin nan. In layi ya yanke na minti biyu ya dawo tsakanin zagaye da zagaye tana iya rasa shi gaba ɗaya, kwastoma yana rantsuwa an yanke kai kuma allonka kore shar. Akwai hanyar kunna duba mai sauri na ping, wato ɗan saƙon gwada ko na'ura tana amsawa, a gefe, ka kunna shi. Na biyu, taƙaitawar RRD tana aske tsini, cunkoson da ka gani ƙarara yau in ka dawo bayan wata shida ka duba giraf ɗin shekara sai ka ga ya kwanta kamar ba a yi ba, saboda haka in za ka yi jayayya da wanda ya sayar maka da layi ka ɗauki hoton giraf ɗin tun yana sabo.

Na uku shi ya fi ruɗa sababbin shiga kuma ba laifin LibreNMS ba ne ita kaɗai, duk mai amfani da SNMP zai iya faɗawa. Na'ura tana ƙirga bayit ɗin da suka wuce ta fot da wata mita, tsohuwar mitar mai bit 32 ce, iyakarta 4,294,967,296 sai ta koma sifili ta sake farawa. A layin megabit 100 da ya cika, cikin minti 5 da daƙiƙa 43 ta zagayo. A gigabit ɗaya daƙiƙa 34 kacal. Idan kana karantawa duk minti 5, da zarar zirga-zirga ta haura wajen megabit 114 mitar tana iya zagayowa fiye da sau ɗaya kafin ka dawo, manhaja kuma ba ta da yadda za ta sani, sai ka ga giraf ya hau ya hau ya faɗo ƙasa warwas daidai lokacin da layin ya fi cika. Mutum ya yi ta zargin rauta alhali lafiyarta ƙalau. SNMP siga ta 1 ba ta da mita mai bit 64, don haka ka yi amfani da siga ta 2c ko ta 3. Kuma kalmar public da na'urori da yawa suke zuwa da ita a matsayin mabuɗin SNMP, cire ta, a siga ta 1 da ta 2c a fili take tafiya a kan waya ba a ɓoye ba, siga ta 3 ce take da ɓoyewa.

Akwai na huɗu da ya shafe mu kai tsaye saboda ɗauke wuta. RRDtool ba ya karɓar bayani mai lokacin da ya gaza na ƙarshen da aka rubuta. In ka ɗora manhajar a kan ƙaramar kwamfuta irin tsofaffin Raspberry Pi da ba su da batirin agogo, ko tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, wuta ta ɗauke ta dawo agogo ya rikice, sai giraf ya tsaya cak har sai lokaci ya daidaita. Ka tabbatar tana saita agogo daga intanet da zarar ta tashi, kuma kar ka ajiye databes ko RRD a kan katin memori, yawan rubutu yana kashe shi, ka samu SSD ko ƙarami ne. LibreNMS kuma tana sabunta kanta kullum in ba ka canza saitin ba, wannan alheri ne ta fuskar tsaro amma wani lokacin sabuwar siga tana neman PHP, yaren da aka rubuta ta da shi, wanda ya fi naka sabunta sai abubuwa su tsaya. Akwai validate.php a cikinta, ka saba da gudanar da shi, yana faɗa maka abin da ya karkace har da umarnin gyarawa. Inda take da rauni shi ne cikin saba da manhajojin da ke kanta, tana iya dubawa amma ba kamar Zabbix ba.

Prometheus ba zan daɗe a kanta ba. A SoundCloud aka fara ta a 2012, aka sanar da ita ga jama'a a 2015, 1.0 ta fito a 2016, sannan a 2017 siga ta 2.0 ta zo da sabon tsarin ajiya da ba ya karanta bayanan tsohon kai tsaye, waɗanda suka rungume ta da wuri sai da suka sha aikin ƙaura. Manhaja ce mai ƙarfi ƙwarai amma don masu rubuta manhaja da masu sabobi da yawa aka yi ta, kafin ta ga suwic ɗinka sai ka haɗa mata snmp_exporter, ka haɗa Alertmanager don alat, ka haɗa Grafana don allo mai kyau, kuma kwana 15 take ajiye tarihi in ba ka ƙara ba. In aikinka waya da rediyo da rauta ne, bar ta tukuna.

Labarin Prometheus ɗin nan shi ne amsata ga masu tambaya ko su ɗauki sabuwar manhajar da ta fito jiya. Kusan duk wata sai ka ga wani ya saki tasa, allo mai kyau, ɗorawa da umarni ɗaya. Ban ce kar a gwada ba, ai NetSaint ma haka ta fara kuma da ba a samu masu gwadawa ba da ba ta kai ko'ina ba. Amma ka karanta jerin matsalolin da mai ita ya rubuta, in ya rubuta dogon jeri da gaskiya wannan alama ce mai kyau, wanda bai rubuta komai ba shi nake tsoro. Ka duba ko ya ce tsarin ajiyar bayanai zai iya canzawa, ko akwai hanyar ɗaukar bakof, ko shafin shiga yana da kariya. Sannan ka ɗora ta a gefen tsohuwar su yi tafiya tare wata biyu uku kana kwatanta alat ɗinsu, kar ka ba ta netwok ita kaɗai.

Maganar tsaro kuma ba sababbi kaɗai ta shafa ba. Manhajar sa ido tana riƙe da adireshin duk na'urorinka da mabuɗansu, wanda ya shige ta ya ga gidan gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 an gano wata ɓaraka a Cacti da take ba mutum damar gudanar da umarni a sabar ba tare da ya shiga da kalmar sirri ba, kuma a farkon 2023 an yi ta kai hari da ita kan waɗanda ba su sabunta ba. Zabbix ma a 2022 an samu wata a ɓangaren shiga ta SAML, wato shiga da asusun da wani tsarin daban ya tantance, da aka yi amfani da ita a zahiri. Duk wadda ka zaɓa kar ka buɗe shafinta ga intanet kai tsaye, ka bi ta VPN.

To wa zai ɗauki wacce. Mai raba intanet ko mai kula da netwok ɗin makaranta da kayansa rauta da suwic da rediyo ne a waje ɗaya, LibreNMS, ba ni da shakka a kan wannan, cikin yini ɗaya za ka ga amfaninta. Mai rassa a garuruwa da layi mai yankewa, ko mai sabobin da yake so ya ga cikinsu, ya daure ya koyi Zabbix ya ba ta faifai mai kyau da inbata, domin databes ba ya son a kashe shi ba sallama. Wanda kayansa duk MikroTik ne kuma taswira kawai yake so ya ga wane ne ja wane ne kore, The Dude ta kamfanin kyauta ce kuma tana isarsa, sai dai kar ya sa ran dogon tarihi mai zurfi daga gare ta.

Kowacce ka ɗauka akwai saiti biyu da ba na so ka tsallake. Ka nuna mata wace na'ura ce ke bayan wace, Nagios da Zabbix da LibreNMS duk suna da wannan, in ba haka ba babbar rauta na mutuwa alat arba'in za su shigo wayarka lokaci ɗaya, bayan mako biyu ka kashe ƙarar su, ranar da na gaske ya zo ba za ka gani ba. Na biyun kuma, in alat ɗinka ta Telegram ko imel yake fita kuma ta layin da kake sa wa ido yake bi, to ranar da layin ya mutu saƙon ma ya mutu tare da shi. Ko dai ka sa wa sabar modem mai layin waya na daban, ko ka kama ƙaramar saba ta haya a waje ka ɗora mata Uptime Kuma, wadda Louis Lam ya fitar a 2021, mara nauyi ce kuma cikin mintuna ake ɗora ta. Tana da wani tsari da sabarka ta cikin gida za ta dinga aika mata ɗan saƙo duk minti cewa ina nan, in saƙon ya daina zuwa ita ce za ta buga maka daga waje, ko wuta ce ta ɗauke ko layin ne ya yanke ko sabar ce ta mutu.